Awon bakin mahaifa a Tawa: aikin hannu ya yi, amma wa ke kaiwa ga gadon awo?

Idan Bahaushiya ce, matar aure, da goyo a baya da karnen awon ciki a hannu, babu abin da za mu ce mata game da wannan gidan likita sai ta je, za ta ji daɗin aikinsu. Da ita aka yi lissafi tun daga ƙofa har gadon awo. Shi ya sa ba da ita muka auna wurin ba. Mun auna shi da matan da ba a sa su cikin lissafi ba: Ba'abziniya daga wajen Abalak ko Cintabaradan, Bafillatanar daji, Balarabiyar Tasara, macen da ba ta da miji, da kuma wadda mu'amalarta ta kwanciya da mace 'yar'uwarta ce, abin da ake kira maɗigo. Gidan likitan yana cikin garin Tawa, yana awon sankarar bakin mahaifa da duba ciwon sanyi. Ba za mu kama sunansa ba, domin abin da ke damunsa ba shi kaɗai yake damu ba.

Mu fara da inda suka cancanci yabo, wato awon kansa. Hanyar da suke bi ita ce ta duba da ido bayan shafa ruwan binega, wadda ma'aikata ke kira IVA. Mace ta kwanta, a sa mata sifekulom, ƙarfen nan mai kama da bakin agwagwa, a haska fitila, a share majina da auduga, sannan a shafa binega mai ƙarfin kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari a bakin mahaifa. A jira minti ɗaya cur. Inda ƙwayoyin fata suka fara canzawa sai ya yi fari fat mai kauri, da iyaka a fili, yana manne da layin da fatar waje ta haɗu da ta ciki. Sajifam ɗin nan, wato ungozomomin likita, suna duba agogo, ba ƙiyasi suke yi ba, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wanda ya karanta a daƙiƙa ashirin zai sallami mai ciwo ya ce lafiyarta lau, wanda kuma ya ɗauki kowane ɗan fari-fari a matsayin cuta zai ƙona wa mai lafiya bakin mahaifa a banza. Bayan binega suna bi da ruwan Lugol, wani ruwan aidin: fata mai lafiya ta sha shi ta koma baƙi-baƙi, wurin da ake tuhuma ya tsaya rawaya.

Abin lura a kan binegar: wadda ake samu a kanti ba ƙarfinta ɗaya ba. Akwai mai kashi 5, akwai mai kashi 8. Mai 8 sai an sirka, awo biyar na binega da awo uku na tafasasshen ruwan da ya huce. In ba a sirka ba tana yi wa mace zafi kuma tana farar da wurin da ba shi da komai. In kuma an bar kwalba a buɗe cikin zafin Adar ta kwana biyu, ƙarfinta ya ragu, ciwo ya ɓuya. A nan suna haɗa ta kowace safiya, suna rubuta ranar a jikin kwalba. Haka ma wankin ƙarafa: minti 10 cikin ruwan jabel mai kashi 0,5, a wanke da sabulu da buroshi, sannan a tafasa minti 20 ko a sa a tukunyar tururi. Jabel mai digiri 12 awo ɗaya ne da ruwa shida. Mai digiri 8 awo ɗaya da ruwa huɗu. Mun ga takardar wannan lissafi manne a bango saman bokitin, ba a cikin aljihun majo, shugaban ma'aikatan, ba.

Idan an ga farin tabo, kuma bai rufe fiye da kashi 75 na bakin mahaifa ba, bai shige cikin ƙofar ba, kuma babu alamar ya riga ya zama sankara, ana maganinsa nan take da na'urar gashi mai batir. Kan na'urar yana kai zafin digiri 100, a ɗora shi daƙiƙa 20 zuwa 30 a kowane wuri. Batir ɗin nan shi ne rufin asiri ranar da kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, kuma ya fi tsohuwar hanyar daskarewa da iskar gas, wadda ke cin minti uku, hutu biyar, sannan wasu uku, ga tulun gas da in ya ƙare sai an jira. Bayan gashi mace za ta ga ruwa na zuba har mako biyu zuwa huɗu, ta ƙaurace wa kwanciya da cusa komai har wata ɗaya, ta dawo bayan wata 12. In ta ji zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini mai yawa, ta dawo a ranar.

To duk wannan sai mace ta kai gadon. Matsalar tana gaban ƙofa, a teburin rajista.

Teburin yana cikin rumfar jira, taku uku tsakaninsa da bencin farko. Mai rubutu ba ta ɗaga kai, tana tambaya da muryar da za ta ratsa kukan yara: "Suna? Shekaru? Sunan maigida? Haihuwa nawa?" Wata mai kimanin shekara talatin da biyar, da lulluɓi har goshi, ta amsa biyun farko ta yi shiru a na uku. "Baiwar Allah, sunan maigida na ce." Ta ce ba ta da aure. "Bazawara?" Ta girgiza kai. Alƙalami ya tsaya. "To ɗiyata, me ya kawo ki? Wannan awon na matan aure ne." Benci biyu sun juyo. Ta gyara mayafi, ta ce dama tambaya ta zo yi, ta fita. Babu wanda ya zage ta, babu wanda ya kore ta, kuma rajista ba za ta taɓa nuna cewa ta zo ba.

Ana iya gane daga ina wannan tunani ya fito. A Nijar kusan mace uku cikin huɗu ana yi musu aure kafin su cika shekara 18, kuma ƙasar tana cikin waɗanda suka fi yawan haihuwa a duniya. Tsarin lafiyar mace gaba ɗaya a kan ciki da goyo aka gina shi: tiyatar haihuwa kyauta, awon ciki, tazarar haihuwa da kula da yara 'yan ƙasa da shekara biyar, tun wajen 2005 da 2006; sannan ragin rabin kuɗin asibitocin gwamnati da haihuwa kyauta daga watan Satumba na 2024. Duk alheri ne. Sai dai macen da ba ta ɗaukar ciki ba ta da ƙofar shiga. Ba awon ciki, ba kilon jariri, ba allurar tazara, saboda haka ba ranar da ungozoma za ta ce mata "tunda kin zo, hau mu duba".

Maganar cewa awon na matan aure ne kuskure ne a ilimin likita, ba wai rashin ladabi kawai ba. Ƙwayar cutar HPV ce ke haddasa kusan dukkan sankarar bakin mahaifa, iri na 16 da na 18 kaɗai suna da alhakin kusan kashi 70. Ƙwayar ba ta tambayar takardar aure, kuma ba ta buƙatar namiji. Fata da fata take bi, tana bin yatsu, tana bin duk abin da aka yi tarayya a kansa. An same ta, an kuma sami tabon da ke zama sankara, a jikin matan da ba su taɓa kwana da namiji ba. Ballantana a nan, inda da yawa daga cikin masu neman mata an taɓa yi musu aure tun suna ƙanana, ko ma suna ɗakin miji yanzu haka. Ƙwayar da ta shiga a shekara 15 tana iya yin shekara 15 ko 20 tana aiki a ɓoye kafin ta nuna kanta. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2021 da shekaru take magana: daga 30 ga kowace mace, daga 25 ga mai ɗauke da ƙwayar sida, domin haɗarinta ya ninka har sau shida. Inda da binega ake awo, a maimaita duk shekara uku.

Matsayin addini da al'ada a kan maɗigo sananne ne, kuma ba shi muka zo tattaunawa ba. Ɗakin awo dai ba kotu ba ne. Ma'aikacin lafiya ya yi rantsuwar riƙe sirri, kuma aikinsa ya gano tabo tun yana fari, kafin ya zama gyambo.

Wannan giɓi an daɗe da auna shi a ƙasashen da ake yin irin wannan bincike. A Amurka da Ingila an sha gano cewa mata masu neman mata sun fi sauran mata ƙarancin zuwa awon bakin mahaifa, wasu don sun ɗauka ba ya shafarsu, wasu don ma'aikacin lafiya da kansa ya ce musu ba sa buƙata. A Amurkar kuma baƙar mace ta fi farar mace mutuwa da wannan sankara. Kimberlé Crenshaw, masaniyar shari'a, ita ta fito da bayanin a 1989 cewa idan wariya biyu suka haɗu a kan mace ɗaya, ba tara su ake yi ɗaya da ɗaya ba, wani sabon nauyi ne dabam. Ilan Meyer kuma, mai bincike kan lafiyar jama'a, a 2003 ya tsara yadda zaman ɓoyo da fargabar tonon asiri ke cin lafiyar mutum a hankali. Alƙaluman can na can ne, ba za a ɗauko su a ɗora wa Tawa ba. Amma yadda abin ke aiki, duk wanda ya zauna rumfar jiran nan na awa ɗaya zai gane shi.

Ga yadda nauyin biyu ke haɗuwa a nan. Ma'aikatan suna jin Hausa da Faransanci, wasu da Zabarmanci. Mai jin Tamajak ko Fillanci cikinsu sai an dace da ranar aikinta. Wata dattijuwa Ba'abziniya ta shigo da ɗanta, yaro ɗan shekara sha biyu ko sha uku, shi ne tafinta. Sajifam ta ce, "Tambayi inna, tana ganin jini bayan ta kwana da maigida?" Yaron ya dubi ƙasa, ya faɗa wa uwar wata gajeriyar magana. Uwar ta ja mayafi ta rufe baki, ta amsa da kalma ɗaya. "Ta ce lafiya lau." Ko tambayar ta isa, ko amsar ta dawo yadda take, Allah kaɗai ya sani. Jini bayan kwanciya, jini bayan al'ada ta ɗauke, da ruwa mai wari da ba ya jin magani, su ne manyan alamun da ake nema, kuma su ne daidai abubuwan da uwa ba za ta faɗa ta bakin ɗanta ba. Abzinawa suna kiran wannan kamun kai takarakit, Fulani suna cewa semtende, mu mu ce kunya. Ba jahilci ba ne, tarbiyya ce. Yanzu a ɗauka macen nan tana da sirrin da ya fi wannan nauyi, kuma tafintan ƙanin miji ne, ko wata 'yar zangonsu da aka tsinta a benci. A zango mai tanti goma, magana ɗaya ta isa. Bahaushiyar birni tana iya canza unguwa ta je inda ba a san ta ba, ta yi magana da bakinta. Wannan ba ta da ko ɗaya cikin biyun, sai ta bar kaza cikin gashinta.

Inda wannan shiru ya fi fitowa fili shi ne maganin sanyi. Gidan likitan yana bin alamomi ne, ba gwaji ba, kuma magungunan da suke rubutawa daidai ne: ruwa mai ƙarni kamar na kifi, metronidazol miligiram 500 sau biyu a rana har kwana bakwai, farin abu mai kauri da ƙaiƙayi, kulotirimazol na cusawa ko fulukonazol miligiram 150 sau ɗaya. Kuskuren yana cikin jumlar da ke biyo baya: "Ki kawo maigida shi ma a ba shi." Sanyin nan mai ƙarni ya fi yawa tsakanin mata masu kwana da mata, kuma sau da yawa su biyun suna ɗauke da shi tare, ƙwayar tirikomonas ma tana wucewa daga mace zuwa mace. Ta sha magani ta warke, bayan wata ɗaya ta dawo da shi. A rubuta mata wani, ya dawo. A karo na uku sai a fara cewa ba ta da tsabta ko ba ta shanye magani, ita kuma ta koma wajen masu kayan mata, ta shiga matsi da bagaruwa da alif da wanke ciki da sabulu, waɗanda ke kashe ƙwayoyin kirki masu tsare gaban mace, su ƙara hura wutar. Gyaran jumla ɗaya ne: "Duk wanda kuke kwanciya tare, ko waye, in yana da alama ya zo a duba shi, ba sai ya ce ke kika turo shi ba." Sai a ƙara da shawarar da ba ta tona kowa: wanke hannu da yanke farce, kada a yi tarayya a kan abin da ke shiga jiki sai an wanke shi ko an sa masa kwaroron roba, a dakata lokacin al'ada ko in akwai ƙurji.

Wani abin da ya rage musu maki shi ne sifekulom. Matsakaici da babba ne cike da tire, na matan da suka haihu. Macen da ba ta taɓa haihuwa ba, ko wadda ba ta saba da shigar komai ba, ƙarami take buƙata, a jiƙa shi da ruwa mai ɗumi, a shigar da shi a karkace, a hankali, ana gaya mata kowane mataki. In aka yi mata da babba sau ɗaya, ta tafi kenan, kuma za ta hana ƙawayenta biyar zuwa. Wadda take budurwa ba a tilasta mata ƙarfe. A zauna da ita a yi magana tukuna. Mafita ta gaskiya ga irin waɗannan mata ita ce gwajin HPV da mace ke ɗaukar samfuri da kanta: a ba ta tsinken auduga, ta shiga bayan labule, ta juya shi a ciki, ta sa a kwalba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi, na'urar GeneXpert da ake awon tarin fuka da ita tana iya karanta shi cikin kusan awa ɗaya in akwai kwanson gwajin, kuma in ya fito babu komai mace ta huta shekara 5 zuwa 10. Ga makiyayiya da ke ganin gari sau ɗaya a shekara, wannan ya fi binega nesa ba kusa ba. A wannan gidan likita babu shi. Binega kuma tana da iyakarta: bayan shekara 50 layin da ake dubawa yana janyewa ciki, ido ba ya kai masa.

Duban mama suna yin sa, da tafin yatsu, har hammata, amma sai mace ta roƙa. Ya kamata ya zama dole, musamman ga wadda ba ta taɓa haihuwa ko shayarwa ba, tunda haɗarin sankarar mama ya ɗan fi yawa gare ta, kuma ita ce dai wadda ba ta da dalilin zuwa likita.

Idan abin ya wuce gashi, sai turawa gaba: babban asibitin jiha ko cibiyar uwa da yaro a nan Tawa, daga nan kuma Yamai, inda babban asibitin haihuwa, Maternite Issaka Gazobi, yake, da cibiyar yaƙi da sankara ta ƙasa wadda ta fara gashin haske, wato ƙona sankara da hasken na'ura, a 2021. Tafiyar kusan kilomita 550 ce ta Konni da Dogon Dutsi da Doso, kuma gashin haske makonni yake ɗauka, ba kwana ɗaya ba. Takardar turawa a nan ana cika ta da kyau, amma ba a tambayar wa zai raka ta, wa zai sauke ta, da wane harshe za ta yi magana a can. Matar aure dangin miji za su haɗa kuɗin mota. Wadda ta saɓa da danginta, ko wadda mai kula da ita ba ta da sunan da za a kira ta da shi a gaban likita sai "ƙawa", takardar tana iya ƙarewa a ƙasan akwati. Ya kamata a bar mace ta zaɓi mai jinyarta da kanta, ba tare da an tambayi dangantaka ba.

Hukuncinmu: a je. Hannunsu ya fi na wurare da yawa, kuma gyaran da suke buƙata ba na kuɗi mai yawa ba ne. A matsar da tebur cikin ɗaki, a bar layin sunan miji ga mai son cikawa, a maye tambayar aure da "kin taɓa mu'amalar kwanciya, ko da wa ne?", kada a rubuta amsar a rajistar da kowa ke buɗewa, a kafe ranakun da mai jin Tamajak da Fillanci take aiki a ƙofa, a sayi ƙananan sifekulom biyu. Kafin su yi haka, ga dabarar shiga. Ki zo da sassafe, ba lokacin al'ada ba, kuma kwana biyu kafin nan kada ki cusa komai, ko magani ko miski. A tebur ki ba da suna da shekaru, ki ce sauran sai a ciki, haƙƙinki ne. In Hausa ba ta ishe ki ba, ki zo da babbar mace wadda ke kika zaɓe ta, ba yaro ba, ba dangin miji ba, kuma kina iya cewa ta fita in an zo hawa gado. Ba dole ne ki faɗi da wa kike kwana ba kafin a auna ki. "Ina da shekara talatin, ina son awo" ya wadatar. Ki nemi ƙaramin ƙarfe in kina tsoro.

Kafin ki fita ki sa a faɗa miki ranar dawowa da baki, ba a karne kaɗai ba, don haruffan Faransanci uku da lamba ake rubutawa a ciki. In an yi miki gashi, shekara ɗaya ce. Ki ɗaura ta a kan abin da ba ya ɓacewa, kamar Sallar Layya ko dawowar dabbobi daga lasar gishirin Ingal. In ba a ga komai ba, damina uku.